Tsibiran da Ke Sayar da Doka

A farkon watan Mayun 2020, dala miliyan 311 da ɗoriya suka shiga asusun gwamnatin Najeriya ta hannun Ma'aikatar Shari'a ta Amurka. Kuɗin sun bar Najeriya ne tun zamanin mulkin Janar Sani Abacha, wanda ya rasu a watan Yunin 1998, kuma sun daɗe kwance a wani banki da ke Jersey, ƙaramin tsibiri mai mutane dubu ɗari da 'yan kai a tekun da ya raba Ingila da Faransa. Babu sunan mutum a kan asusun. Sunan da ke kansa shi ne Doraville Properties Corporation, kamfanin da aka yi wa rajista a wasu tsibirai na daban, Tsibiran Virgin na Birtaniya, can yankin Karibiyan, dubban kilomitoci daga Jersey. Masu gabatar da ƙara na Amurka sun shaida wa kotu cewa Mohammed Abacha, ɗan marigayin, shi ke juya kamfanin. Ita kuwa Amurka ta samu hurumin shiga maganar ne saboda kuɗin daloli ne, kuma sun ratsa ta bankunanta.

An shigar da ƙara a Washington a Nuwamban 2013. A 2014 Jersey ta ɗaure asusun, a shekarar kuma alƙali John Bates ya yanke hukuncin ƙwace kimanin dala miliyan 480 da ke warwatse a ƙasashe daban-daban. Doraville bai yarda ba. Ya bi kotunan Jersey ɗaya bayan ɗaya har zuwa kotun ƙarshe a Landan, wadda ta ƙi sauraronsa a 2018. Sai a Fabrairun 2020 Najeriya da Jersey da Amurka suka sa hannu kan yarjejeniyar mayar da kuɗin, bisa sharaɗin a kashe su a kan ayyuka uku: titin Legas zuwa Ibadan, gada ta biyu a kan kogin Neja, da titin Abuja zuwa Kano.

A Arewa har gobe akwai masu cewa ajiya Janar ɗin ya yi wa ƙasa don gudun takunkumin Turawa. Takardun kotu ba su goyi bayan wannan magana ba, domin kamfanin da ke riƙe da kuɗin ya ɗauki lauyoyi ya shafe shekaru yana fafutukar kada a mayar da su. Amma abin da ya fi wannan muhawara girma shi ne yadda takardar rajistar da aka cike a wani ƙaramin ofis a Karibiyan ta iya tsayawa tsakanin ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200 da dukiyarta na tsawon shekaru.

Hajar da ke kasuwa

Baƙon da ya sauka Road Town, babban birnin Tsibiran Virgin na Birtaniya, waɗanda ake taƙaita sunansu da BVI, yana neman rumbunan kuɗi, zai koma bai ga komai ba. Ƙaramin gari ne na bakin teku, cike da ofisoshin lauyoyi da na akantoci. Mutanen tsibiran duka ba su fi dubu talatin da ɗoriya ba, amma kamfanonin da ke cikin kundin rajistarsu sun haura dubu 350. Haka abin yake a George Town na tsibirin Cayman, inda ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya ƙirga kamfanoni 18,857 a 2008, dukkansu da adireshi ɗaya, wani bene mai hawa biyar da ake kira Ugland House. Ainihin dukiyar tana Landan da New York da Zurich da Hong Kong da Dubai, a bankuna da hannun jari da gidaje. Abin da tsibirin ke bayarwa shi ne shaidar cewa a can aka haifi kamfanin, saboda haka dokar can ce za ta faɗi wanda ya mallake shi, da wanda ke da ikon sanin hakan, da harajin da zai biya, da kotun da za ta saurari duk mai ƙorafi a kansa. Doka ita ce hajar. Kuɗin rajista da na sabuntawa duk shekara su ke kawo wa gwamnatin BVI fiye da rabin kuɗin shigarta.

Wannan haja ƙera ta aka yi da gangan, kuma an san ranar da aka ƙera ta. A farkon shekarun 1980 Amurka ta soke yarjejeniyar haraji da ke tsakaninta da BVI, ɗan cinikin da lauyoyin tsibiran ke samu ya tsaya cik. Sai wasu lauyoyi biyar, ciki har da Paul Butler na New York da babban lauyan gwamnatin tsibiran, Lewis Hunte, suka zauna suka rubuta sabuwar dokar kamfanoni, suna koyi da ta jihar Delaware. Dokar ta 1984 ta ce duk kamfanin da ba ya kasuwanci a cikin tsibiran ba zai biya haraji ba, ba sai ya wallafa lissafinsa ba, kuma sunan masu shi ba ya cikin abin da jama'a za su gani. Kasuwar ba ta buɗe sosai ba sai da sojojin Amurka suka mamaye Panama a Disambar 1989 suka kama Manuel Noriega. Masu ajiya suka tsorata da Panama, dillalan kamfanoni suka kwaso su zuwa Road Town.

Cayman ta riga BVI shiga harkar, da dokar bankuna ta 1966. Mutanen tsibirin suna da labarin da suke ba baƙi, wai Sarki George na Uku ne ya yafe musu haraji har abada saboda sun ceci fasinjojin wasu jirage goma da suka kife a 1794. Jiragen sun kife da gaske, amma babu wata takarda da ta nuna an yi wannan alkawari. Abin da ke rubuce shi ne dokar sirri ta 1976, wadda aka kafa bayan wata kotu a Miami ta tilasta wa wani manajan banki daga Cayman ya ba da shaida. Dokar ta tanadi ɗauri ga wanda ya fallasa bayanin mai ajiya, har ma da wanda ya yi yunƙurin samun bayanin. Shekara arba'in tana aiki kafin a soke ta a 2016.

Bayan kamfani, kayan aiki na biyu shi ne yarjejeniyar amana, kuma mai karatu da ya san waƙafi ba zai sha wahalar fahimtarta ba. Mutum ya fitar da dukiya daga mallakarsa, ya danƙa ta ga mai kula, ya ambaci waɗanda za su amfana. A waƙafi, wanda ya bayar ya bayar ke nan, kuma jama'a sun san gonar ko rijiyar waƙafi ce. A tsibiran kuwa an yi wa dokar kwaskwarima yadda mai bayarwa zai iya ci gaba da juya dukiyar, ya sauya mai kula, ya ƙara ko ya rage masu amfana, alhali a idon doka ba tasa ba ce. Idan hukumar haraji ko mai bin bashi ko matar da aka saka ta zo nema, sai a ce mata ba shi da komai. Tsibiran Cook da ke tekun Pasifik sun kai abin maƙura a gyaran da suka yi wa dokarsu a 1989: kotunansu ba sa karɓar hukuncin wata ƙasa a kan irin wannan amana, dole mai ƙara ya je Rarotonga ya soma shari'a daga farko, cikin wa'adin da bai wuce shekara biyu ba, kuma ya kawo hujja mai ƙarfin wadda ake nema a shari'ar manyan laifuka. A Nevis sai mai bin bashi ya ajiye dala dubu ɗari kafin ma a saurare shi.

Sai kuma daraktan haya, mutumin da ake biya ya ba da aron sunansa. Rahoton da Andrew Edwards ya rubuta wa gwamnatin Birtaniya a 1998 ya gano cewa mazauna tsibirin Sark, waɗanda ba su kai 600 ba, suna riƙe da kujerun darakta kusan 15,000.

Me ya sa attajiri zai amince da tsibirin da bai taɓa gani ba? Amsar tana Landan. Jersey da Guernsey da tsibirin Man suna ƙarƙashin masarautar Ingila kai tsaye, ba sa cikin Birtaniya, suna da majalisunsu da dokokin harajinsu. BVI da Cayman da Bermuda da Anguilla kuwa ragowar daular mulkin mallaka ne, kuma har yau Landan ke naɗa musu gwamna. Dukkansu, shari'ar da ta gagari kotunan gida tana ƙarewa ne a gaban kwamitin alƙalan Privy Council a Landan, inda galibi alƙalan Kotun Ƙolin Birtaniya ke zama. Mai kuɗi yana samun tabbacin shari'ar Ingila ba tare da harajin Ingila ba. Ƙungiyar Tax Justice Network ta sha sanya BVI da Cayman da Bermuda a matsayi na ɗaya da na biyu da na uku a jerin wuraren da manyan kamfanoni ke fakewa don rage haraji, kuma duka ukun tutar Birtaniya ke kaɗawa a kansu.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: mallakar kamfani a tsibiri ba laifi ba ne, kuma mafi yawan masu yin haka ba ɓarayi ba ne. Ɗan kasuwar Sin da na Brazil da za su haɗa jari, kowanne bai yarda da kotun ɗan'uwansa ba, sukan zaɓi BVI. Kamfanin Alibaba da ake sayar da hannun jarinsa a New York a Cayman aka yi masa rajista. Bermuda cibiya ce ta kamfanonin da ke yi wa kamfanonin inshora inshora. Hatta takardun sukuk masu yawa da ƙasashen Larabawa ke fitarwa, ta hannun kamfanonin Cayman ake tsara su. Matsalar ita ce dokar da ke hidima ga waɗannan ita ce dai ta yi wa Doraville hidima, kuma daga waje babu mai iya bambance su.

Matsin lamba daga waje

Shekaru da dama hukumomin sa ido na tsibiran sun kasance na jeka-na-yi-ka. Nauru, tsibiri mai faɗin murabba'in kilomita 21, ya ba da lasisin banki kusan 400 ga bankunan da ba su da ko teburi a can, kuma babban bankin Rasha ya ce dala biliyan 70 sun fice ta hannunsu a 1998 kaɗai. A Antigua, Allen Stanford ya damfari masu ajiya kimanin dala biliyan 7 kafin bankinsa ya rushe a 2009. An ɗaure shi shekara 110 a Amurka, kuma an gano cewa shugaban hukumar da ke sa wa bankin ido, Leroy King, yana karɓar cin hanci daga wajensa yana tsegunta masa binciken Amurka. Shi ma ya samu shekara goma a 2021.

Gyara bai taso daga cikin tsibiran ba. Hukumar FATF, wadda ƙasashe bakwai masu ƙarfin masana'antu suka kafa a Paris a 1989 don yaƙi da halasta kuɗin haram, ta fitar da jerin masu taurin kai a 2000, Cayman da Bahamas da Nauru da Tsibiran Cook na ciki. Najeriya ta shiga jerin a 2001, kuma wannan matsin na cikin abin da ya haifi EFCC. Bayan durƙushewar bankunan duniya a 2008, shugabannin G20 suka taru a Landan a Afrilun 2009 suka shelanta cewa zamanin sirrin banki ya ƙare. Amurka ta kafa dokar FATCA a 2010, wadda ta tilasta wa bankunan duniya su riƙa kai mata rahoton asusun Amurkawa. Ƙungiyar OECD, ta ƙasashe mafi yawansu masu arziki, ta ɗauki wannan tsari ta faɗaɗa shi a 2014, aka soma musayar bayanai a 2017, Najeriya ta shiga a 2020.

Wannan mataki ya yi tasiri na gaske, kuma bai dace a raina shi ba. A da, sai hukumar haraji ta san sunan mutum da bankinsa kafin ta rubuta takardar neman bayani, wato sai ta riga ta san abin da take nema. Yanzu bankin Jersey ko na Cayman da kansa yake tura sunan mai asusu da abin da ke ciki zuwa ƙasar da mutumin ke zaune, duk shekara, ba tare da an tambaya ba. OECD ta ce a 2022 an yi musayar bayanan asusu miliyan 123 masu ɗauke da yuro tiriliyan 12. Cibiyar nazarin haraji da masanin tattalin arziki Gabriel Zucman ke jagoranta a Paris ta ƙiyasta cewa ɓoye dukiya a ƙetare don gudun haraji ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku na yadda yake shekara goma baya. Sai dai tsarin yana da ɓarakarsa. Bai shafi gidaje da filaye ba, shi ya sa kuɗi masu yawa suka koma gine-ginen Dubai da Landan. Amurka kuma tana karɓar bayanai daga kowa amma ba ta shiga tsarin OECD ba, lamarin da ya mayar da jihohi irin su South Dakota sabuwar maɓoya.

Tarayyar Turai ta zo da nata baƙin kundin a Disambar 2017, ta tilasta wa tsibiran kafa dokar da ta ce kamfanin da ke cin riba a can dole ya nuna yana da ma'aikata da ofis da hidimar da yake kashe wa kuɗi a can. An sassauta sharaɗin ga kamfanin da aikinsa kawai riƙe hannun jarin wani kamfani ne, kuma irin waɗannan suna da yawan gaske. Daga Janairun 2025, Bermuda, wadda ba ta taɓa karɓar harajin ribar kamfani ba, ta soma karɓar kashi 15 cikin ɗari daga kamfanonin da cinikinsu ya kai yuro miliyan 750 a shekara, bisa yarjejeniyar da ƙasashe fiye da 130 suka cimma a 2021.

Na wane ne?

Duk waɗannan gyare-gyare sun zagaya tambaya ɗaya ba su amsa ta a bainar jama'a ba: wane ne ainihin mai kamfanin? 'Yan jarida ne suka nuna girman tambayar. A Afrilun 2016 aka fallasa takardu miliyan 11.5 na ofishin lauyoyi na Mossack Fonseca, waɗanda aka fi sani da Takardun Panama, kuma fiye da rabin kamfanoni dubu 214 da ke cikinsu na BVI ne. Takardun Paradise suka biyo baya a 2017 daga ofishin Appleby mai tushe a Bermuda, sai na Pandora a 2021. Jaridar Premium Times ce ta bi diddigin ɓangaren Najeriya, ta fito da sunayen gwamnoni da sanatoci da manyan jami'ai, a ƙasar da kundin tsarin mulkinta ya wajabta wa mai riƙe da muƙami bayyana kadarorinsa, ya kuma hana manyan jami'ai ajiya a bankin ƙetare.

A Mayun 2018, 'yan majalisar Birtaniya biyu daga jam'iyyu masu hamayya da juna, Margaret Hodge da Andrew Mitchell, suka tursasa gwamnati ta karɓi wani sashe na doka da ya umarci yankunan Birtaniya na ƙetare su buɗe kundin masu kamfanoni ga kowa kafin ƙarshen 2020. A Road Town jama'a suka fito zanga-zanga, shugabanninsu na cewa wannan mulkin mallaka ne sabo fil. Suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Sun ce a wajensu wakili mai lasisi ne kaɗai ke buɗe kamfani, kuma dole ya tantance mai shi. Cewa 'yan sandan Birtaniya na samun amsa daga gare su cikin awa 24, ko awa ɗaya idan da gaggawa. Cewa Jersey na da kundin masu kamfanoni tun 1989, alhali ofishin rajista na Birtaniya kansa ba ya tantance abin da ake rubuta masa sai da aka ba shi iko a dokar 2023.

Duk da haka hujjar ta gaza a wuri ɗaya. Bayanin da ɗan sandan Landan zai samu cikin awa ɗaya, mai bincike a Abuja ko Yamai ko Akra sai ya bi ta doguwar hanyar neman taimakon shari'a tsakanin ƙasa da ƙasa, wadda kan ɗauki watanni ko shekaru. Idan kuwa wanda ake zargi shi ke riƙe da gwamnatin da ya kamata ta rubuta takardar, ba za a taɓa rubuta ta ba. A irin wannan hali ɗan jarida da ƙungiyoyin farar hula ne kaɗai ke da niyyar dubawa, kuma su ne aka rufe wa ƙofa.

An ɗage wa'adin zuwa 2023. Kafin ya cika, a ranar 22 ga Nuwamban 2022, Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a wata ƙara daga Luxembourg cewa buɗe irin wannan kundi ga kowa da kowa ya keta haƙƙin sirri. Birtaniya ta riga ta fice daga Tarayyar, hukuncin bai ɗaure ta ba, amma manyan tsibiran suka riƙe shi hannu bibbiyu. Suka koma ga tsarin da sai mai nema ya nuna yana da halastaccen dalili. Cayman ta soma aiki da shi a 2025. Tsarin da BVI ta fitar a shekarar ya tanadi a sanar da kamfanin cewa wani ya nemi bayani a kansa, a kuma ba shi damar ƙin yarda. Ga ɗan jaridar da ke binciken mai iko a ƙasar da ake ɗaure 'yan jarida, wannan sanarwa haɗari ce ga rayuwarsa. A Yunin 2025 FATF ta saka BVI cikin jerin waɗanda ta sa wa ido na musamman. Shekara uku kafin nan an kama firimiyan tsibiran, Andrew Fahie, a Miami bisa zargin haɗa baki a safarar hodar iblis da halasta kuɗin haram, kuma kotu ta ɗaure shi shekara 11 a 2024.

Najeriya, abin mamaki ga wasu, ta riga tsibiran a wannan fage. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta bayyana duk mai faɗa-a-ji a kamfani, kuma hukumar rajistar kamfanoni ta buɗe kundin ga jama'a a Mayun 2023. Amma idan mai binciken ya buɗe kundin ya tarar mai hannun jarin wani kamfani ne na BVI, sawun ya ɓace masa a bakin teku.

Abin da Afirka ke asara

Ba sata ce kaɗai ke bi ta tsibiran ba. Mauritius, ƙasa mai cin gashin kanta a tekun Indiya, ta gina kasuwarta ne a kan yarjeniyoyin hana biyan haraji sau biyu. Mai zuba jari daga Turai ko Amurka yakan buɗe kamfani a Port Louis, kamfanin ya mallaki ma'adini ko kamfanin sadarwa a wata ƙasar Afirka. Ranar da za a sayar da kadarar, sai yarjejeniya ta ce Mauritius ce ke da hurumin karɓar harajin ribar, ita kuma ba ta karɓar irin wannan haraji. Indiya ta yi shekara talatin da ɗoriya tana fama da wannan kafin ta sake yarjejeniyarta a 2016. Babbar kotun Kenya ta soke tasu a 2019 saboda ba a bi ƙa'idar gabatar da ita ga majalisa ba. Senegal ta yage tata, tana cewa ta yi asarar kimanin sefa biliyan 150 cikin shekara 17, Zambiya ta bi sahu a 2020. Najeriya ta sa hannu a kan irinta a 2012, masu fafutukar haraji suka yi ta gargaɗi a kanta. Kwamitin Thabo Mbeki ya ƙiyasta a 2015 cewa Afirka na asarar fiye da dala biliyan 50 duk shekara ta haramtattun hanyoyin fitar da kuɗi, kuma mafi yawansu ta harkokin manyan kamfanoni ne.

Shari'ar P&ID ta nuna wata fuskar. A Janairun 2010 ma'aikatar man fetur ta Najeriya ta ƙulla kwangilar shekara ashirin da wannan kamfani mai rajistar BVI, don gina masana'antar tace iskar gas a Kalaba. Ba a aza ko tubali ɗaya ba, amma a 2017 kwamitin sasanci a Landan ya umarci Najeriya ta biya dala biliyan 6.6 da kuɗin ruwa, bashin da ya kai biliyan 11, kusan sulusin ajiyar ƙasar ta kuɗin waje. A ranar 23 ga Oktoban 2023 alƙali Robin Knowles ya rushe hukuncin, bayan ya tabbatar an ba da cin hanci, kuma kamfanin ya riƙa samun takardun sirri na lauyoyin Najeriya. Laifin farko na jami'an da suka sa hannu ne a Abuja, babu tsibirin da ya tilasta musu. Sai dai da dokar wancan lokaci ta wajabta bayyana masu kamfani kafin a ba shi kwangila, da wani ya yi tambaya tun da wuri.

Jersey ta nuna cewa tsibiri na iya canzawa idan ya ga sunansa na cikin haɗari. A 2010 kotunta ta ɗaure ɗan kasuwar Indiya Raj Bhojwani shekara shida saboda halasta kuɗin kwangilar motocin da aka sayar wa Najeriya da tsada fiye da kima zamanin Abacha. Dokar da ta kafa a 2018 ta juya nauyin hujja: idan babban lauyan gwamnati ya samu dalilin zargin asusu, mai asusun ne zai nuna kuɗinsa na halal ne. Da ita kotun tsibirin ta ƙwace dala miliyan 8.9 a Janairun 2024, kuɗin da aka karkatar a 2014 da sunan sayen makamai, a daidai lokacin da Boko Haram ke cinye garuruwan Borno da Yobe da Adamawa.

Abin da har yanzu bai canza ba shi ne wanda ke rubuta ƙa'idojin. Kundin Tarayyar Turai ba ya duba mambobinta, don haka Luxembourg da Ireland da Malta da Cyprus ba sa shiga, sai ƙananan wurare irin su Fiji da Vanuatu da Samoa aka riƙa sakawa. Najeriya ta zauna cikin jerin sa-ido na FATF daga Fabrairun 2023 zuwa Oktoban 2025, kuma ɗan kasuwar Kantin Kwari mai tura kuɗin kaya da ɗalibin da ke biyan kuɗin makaranta a waje su ne suka fi jin jiki da ƙarin bincike da jinkiri a bankuna. Wannan rashin daidaito ne ya sa ƙasashen Afirka, da Najeriya a gaba, suka kai ƙudiri Majalisar Ɗinkin Duniya suna neman a ɗauke rubuta dokokin harajin duniya daga hannun OECD, ƙungiyar ƙasashe 38 mafi yawansu masu arziki, a kai shi zauren da kowace ƙasa ke da ƙuri'a ɗaya. A Nuwamban 2023 ƙasashe 125 suka goyi baya, 48 suka ƙi, 9 suka ƙaurace. BVI da Cayman da Bermuda da Jersey ba su da kujera a zauren, Birtaniya ce ke magana da yawunsu, kuma tana cikin 48 ɗin. Amurka ta fice daga tattaunawar a Fabrairun 2025. Sauran ƙasashen sun ci gaba da zama, kuma an tsara su miƙa daftarin yarjejeniyar ga Babban Zauren Majalisar a 2027.